Katin Tobashiya a Ɗakin Sanyi

Gidan Dare, Sakkwato
Farkon azumi

Zuwa ga Maginiya Nabila, ɗiyar Kawu Abdulhamid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ƙaƙa ibada, ƙaƙa sanyin Mambila? Mu nan lafiya lau. Gwaggonki Tani ƙafar ta yi sauƙi, har tarawi take zuwa da kanta. Matata Murja na gaishe ki. Ɗiyarmu Nana Hauwa ta zubar da haƙoran gaba, ta daina dariya gaban baƙi. Na leƙa Wamakko ranar Jumma'a, na iske Kawu da Inna Kulu lafiya. Inna ta ce in gaya miki ki riƙa sa safa.

An ce ƙauyen da jami'a ta tura ku auna gine-gine babu sabis ko na rantsuwa, sai in direbanku Malam Jibrin ya sauka Gembu. To ga takarda na rubuta, zan ɗauki hotonta in tura wayarshi, ya nuna miki in ya hau. Ke ma ki amsa ta haka. Rabona da rubuta wasiƙa tun sakandare, kuma ko can ba a yabe ni ba, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Kin san ni ba mai roƙo ba ne. Da kula ɗaya bisa keke na fara saida ƙanƙara, yau ɗakin sanyina har mahauta da masu kifi ke kawo ajiya. Kwamfutar da nike tseren mota da ita ma haka na tada ta. Gawa na saye ta, wani ofis ya fitar da ita waje. Na ƙara mata ram, abin da ke sa ta sauri. Na cire tsohuwar ma'ajiyarta mai gurnani na sa sabuwa, yanzu kafin in aje kofi ta farka. Sitiyari da abin taka totur na samo daga Kano da karyayyen sifirin, na sa mishi na babur, har yau bai yi gardama ba. Babu wanda ya koya mini, kallo na yi, na ɓata, na gyara.

Abu ɗaya ya rage, katin hoto, wanda ke fiddo hoto bisa allo. Nawa tsoho ne mai fanka ɗaya. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma da na shiga kwana da motoci kewaye da ni, sai hoton ya tsaya kamar mai tunani. Kafin ya dawo na rungumi katanga.

Mu 'yan tseren Sakkwato mun shirya gasa, kowa daga inda yake ta intanet. Za a fara bayan ƙaramar salla, a yi na ƙarshe da babbar salla. Akwai wani Zulkifilu na Kalambaina, a ɗaki mai iyakwandishan yake tuƙi, komai nashi sabo a kwali. Ya faɗa a zaurenmu na waya, kowa na ji, wai masu ƙanƙara su tsaya ga ƙanƙara.

Da na shiga gaida Inna Kulu na hangi kwamfutarki a ɗaki an lulluɓe ta da zane. Na ɗaga zanen. Kati mai fanka biyu, Nabila, kwance yana azumin da babu lada. Ke kina kan dutse kina auna bukkoki, mi za ki yi da shi? Ki ara mini zuwa babbar salla. Zan riƙe shi fiye da yadda kike riƙonshi, don ni ba ni barin kayana ga ɓeraye.

Ubangidanki,
Jinaidu Mai Ƙanƙara

*

Bayan Gembu
Tsakiyar azumi

Kai bawan Babana,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai sanyi. Nan hazo har cikin ɗaki yake shiga, azumi ko ƙishirwa babu. Ka gaishe da Gwaggo da Murja, ka ce wa Nana Hauwa giɓin ya yi mata kyau, ta fi ubanta.

Tun yaushe ɗan mace ya zama ubangidan ɗiyar namiji? Ka tambayi Gwaggo ta tuna maka matsayinka. Na karanta takardarka a wayar Malam Jibrin, shafi guda kana kirari kafin ka iso wurin barar. Har shi sai da ya tambaya ko ɗan takara ne.

Ka ɗauka. Ka ce wa Inna ni na ce. Amma ka buɗe kunnuwan nan naka. Aikina na gama jami'a zanen babbar kasuwa ne, kuma dole in fitar da hotunanta kamar an riga an gina ta, in nuna wa malamai bayan babbar salla. Katin nan ne kaɗai ke iya fitar da su, ƙaramar kwamfutar da na zo da ita ko rumfa ɗaya ba ta ɗauka. Wani malaminmu ne ya taho mini da shi daga waje, na nemi irinsa a Kano da Kaduna ban samu ba. In ya mutu, shekarata ta mutu, sai in jira baɗi.

Saboda haka in na dawo na tarar ko ƙwarzane a jikinsa, igiya zan sa maka in kai ka Kara in haɗa ka da raguna. Ko da yake ban ga mai saye ba.

Uwar ɗakinka,
Nabila

*

Gidan Dare, Sakkwato
Bayan ƙaramar salla

Maginiya,

Barka da salla, da fatan kin yi ta lafiya cikin hazonki. Kowa lafiya nan. Azumin bana ƙanƙara ta yi daraja, layi har bakin titi, ban samu kaina ba sai yanzu. Gwaggonki ta ce maganar bawa da ubangida ke ce da gaskiya, amma kin san tsufa ya fara taɓa ta.

Ga labarin katinki. Da na kawo shi sai ya ƙi shiga, ya fi akwatina tsawo. Na ɗauko abin yankan ƙarfe na fidda wani ɓangare na akwatin, ya zauna daram. Na kunna, ta yi ƙyaf ta mutu. Ashe akwatin wutar da ke ciki bai iya ciyar da shi, katinki ci gare shi kamar mai shi. Na aika Kano anka kawo mini babba. Ranar da ta tashi, Nabila, na daɗe ban taka totur ba, kallo kawai nike. Ashe akwai ciyawa a gefen hanyar nan. Ashe in ana ruwa ɗigo na gangarowa bisa gilashi. Shekara da shekaru ina tsere a wurin ban sani ba. Kwana kuwa yanzu kamar ana zuba mai.

Sai zafi ya ce bai yarda ba. Kin san Sakkwato a watannin ga, ofishina kuma kwano ne a sama. Da azahar ta yi, ana tsakiyar tsere, sai ta kashe kanta. Sau biyu tana yi mini haka a gasa. Na buɗe gefenta na kafa mata fankar tsaye, iskar ma wuta ce. Na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, kafin la'asar ya bushe ƙamas. Zulkifilu ya aiko da murya wai ko ya turo mini mafici.

Ina zaune na jingina da bango, sai na ji sanyi a bayana. Bangon da ya raba ofis da ɗakin sanyi ne. Na tashi na kira Audi mai lodin kaya, munka huda bangon daidai wucewar wayoyi. Na kafa katako can sama, bisa kwalayen kifi, nesa da inda mahauta ke rataye nama. Na ɗora kwamfutar can, allo da sitiyari suna wajena a ofis. Audi ya ce shi dai bai taɓa ganin an kai na'ura ajiyar nama ba, na ce yau ka gani.

Tun ranar ba ta sake kashe kanta ba. Fankokin katinki ko juyawa ba su cika yi ba, hutawa suke. Na wuce Zulkifilu a tsere biyu a jere, na biyun har sai da na rage gudu ya hango fitilata. Ya ce sabis ne ya cuce shi. Yanzu matasan unguwa ofishina suke cika suna kallo, har masu sayen ƙanƙara na mance abin da ya kawo su.

Ku kuna karanta yadda ake sanyaya gini a littafi, ni ga shi na yi da guduma. In malamanku na son su gani, ƙofa a buɗe take.

Ubangidanki har gobe,
Jinaidu

*

Bayan Gembu
Watan Mayu

Kai injiniyan kifi,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ruwa ake mana kullum, hanya ta fara lalacewa, Malam Jibrin ba ya sauka sai ta kama. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata hankalinta ya fi na ɗanta nesa ba kusa ba.

Na karanta wa abokan aikina takardarka, wata har ta ƙware don dariya. Katin da nake lulluɓewa da zanen Inna shi ne yau maƙwabcin tarwaɗa. Allah ya isa tsakanina da kai, bawa.

Dabarar ta yi, ban hana ka ba, amma ta rani ce. Yanzu iskarku a bushe take shi ya sa kake cika baki. Ranar da ruwa ya sauka Sakkwato, kwamfutar nan za ta yi gumi irin wanda ka yi ranar da Baba ya kama ka da keken liman. Kai da ke sayar da ruwan sanyi, ba ka ganin yadda kwalba ke jiƙewa? To ka fitar mini da katina daga cikin kifin nan kafin ruwan farko, in ba haka ba in na zo da kai da Zulkifilun duk tsire zan yi da ku, in raba wa 'yan kallon naka.

Ka ji ko, mai kunnen ƙashi? Kafin ruwan farko.

Uwar ɗakinka,
Nabila

*

Gidan Dare, Sakkwato
Ƙarshen Mayu

Maginiya mai hassada,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya muke, sai zafi. Murja ta yi ɗan zazzaɓi ta warke. Kawu ya sayi ragon layya tun yanzu, ya ce kafin su yi tsada, ragon kuwa ya cinye wa Inna Kulu zogale.

Na ga takardarki, na yi dariya har Audi ya leƙo. Keken liman aro na yi, kowa ya sani. Maganar gumi kuma, wa za ki koya wa kwalba? Kwalba na jiƙewa ne in an fiddo ta waje. Tawa ba ta fita. Tana ciki, sanyi na ciki, ina gumi zai fito?

Na san wasanki. Ke ce kika ce mini akwai kunama a takalmina ranar ɗaurin aurena, na fita da ƙafa ɗaya ba takalmi gaban surukai. Ke ce kika aiko wai an ga sunana a jerin masu zuwa Makka. Yanzu kin ji bawan naki ya zama sarkin tsere, kina son in fidda kati in koma rungumar katanga, ki samu abin ba dangi labari da salla. Ban faɗa tarkonki ba wannan karon.

Mu huɗu munka rage a gasar, ni ke gaba. An sa na ƙarshe cikin kwanakin salla, da la'asar. Ina gamawa zan goge miki katinki in kai Wamakko da kaina, har da tukuicin kifi. Hadari na haɗuwa gabas yana watsewa, ko ɗigo bai sauka ba.

Ki dai zo da rigar sanyi ki ba ni, na ofis.

Jinaidu, Sarkin Kwana

*

Bayan Gembu
Watan Yuni

Zuwa ga Yaya Jinaidu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo, da Murja da Nana Hauwa. Ni ma lafiya.

Ruwa ya cinye hanyarmu, sai jiya na ga takardarka, kuma ban san ranar da wannan za ta same ka ba. Ina roƙon Allah ta riga ruwa isa.

Yaya, gaskiyarka ne, kwamfutar ba ta fita. Amma iska tana shiga wurinta. Duk sanda aka buɗe ƙofar ɗakin, iskar waje na shiga, kuma bayan an yi ruwa iskar tana ɗauke da laima. In kwamfutar tana kashe, ƙarfenta ya yi sanyi, laimar za ta kwanta a kansa ta zama ruwa, har ƙarƙashin katin inda ido ba ya gani. In aka kunna a haka, ya ƙone nan take, kuma ba ya gyaruwa. Da salla ƙofar nan ba za ta huta ba.

Don Allah in ka ga alamar jiƙa kada ka kunna. Ka cire shi ka bar shi ya bushe sosai.

Na rasa yadda zan faɗa maka ka yarda, domin tun muna yara ba mu taɓa yin maganar da ba wasa ba. Wannan ba wasa ba ce. Shekara biyar na yi ina jiran watan gobe.

Ƙanwarka,
Nabila Abdulhamid

*

Gidan Dare, Sakkwato
Bayan babbar salla

Nabila,

Assalamu alaikum. Mun yi salla lafiya, kowa lafiya. Zan ba ki labari yadda ya faru, ba ƙari.

Ruwan farko ya sauka jajibirin salla, da iska mai ƙarfi, har ta kada turken wutar layinmu. Janareto na riƙa tadawa ina kashewa don nama kada ya lalace. Daga ranar salla kuwa ƙofar ɗakin sanyi ba ta rufu ba, wanga ya kawo cinya, wancan ya kawo rabin sa, wata ta dawo ɗaukar hanta. Kwamfuta na can sama a kashe, ban ko tuna da ita ba.

Ranar tsere ofis ya cika tun azahar, har taga mutane. Wani ya zo da ganga. Na zauna, na gyara sitiyari, na ce wa Audi ya shiga ya danna mini ita. Yana kama ƙofa sai wayata ta yi ƙara, hoto daga Malam Jibrin. Na ce Audi dakata in ga zagin yau, in karanta wa jama'a mu yi dariya.

Na ga "Yaya Jinaidu". Na zaci rasuwa anka yi. Na karanta har ƙasa ina neman bawa, ina neman kifi, ina neman ko kalma ɗaya ta rashin kunya. Babu. Har sunan Kawu kika sa a ƙarshe kamar takardar kotu.

Na karɓi tocila na shiga da kaina, na taka kwali na hau. Jikin akwatin duk ƙwayoyin ruwa. Na zura yatsa ƙarƙashin katinki, ya fito a jiƙe. Na tsaya nan cikin sanyi ina jin ganga a waje, ana kiran sunana. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta ce danna, sau nawa kana dannawa lafiya. Sai na zare wayar wuta.

Na sauko da ita gaban kowa, na kwance katinki na naɗe shi a hular sallata na sa a aljihun tebur. Wani ya ce, Sarkin Kwana, lafiya? Na ce kayan aro ne, mai shi ta kira. Na aika shagon aski na maƙwabta anka aro mini abin busar da gashi, na bi bod ɗina, uwar kayan cikin kwamfutar, da sauran kayana da shi lungu-lungu, na maida tsohon katina mai fanka ɗaya. Audi ya ce kwamfutar ma fa tana iya ƙonewa. Na ce wannan tawa ce, in ta ƙone ni ta ƙona. Na yi bisimilla na danna. Ta tashi.

Na shiga tsere ana gab da rufewa. Zagayen farko ina na biyu, don hanyar a kaina take ko babu ciyawa. A kwanar ƙarshe munka haɗu mu uku, hoto ya tsaya yana tunaninshi. Da ya dawo ina jikin katanga, motar na kallon inda ta fito. Na huɗu na zo cikin mutum huɗu. Mai ganga ya saɓa abarshi ya fita ba sallama. Zulkifilu da ya zo na ɗaya ya aiko da murya zaure, wai ƙanƙara ta narke. Na ce mishi barka, ya yi tuƙi mai kyau, don ya yi.

Katinki na wanke shi da sifirit irin na masu gyaran waya, na shanya shi a inuwa bisa faifai, gaban fanka, har sai da na tabbata babu sauran laima. Na yi mishi ɗan abin da ya kamata. Na kai Wamakko na maida shi mazauninshi, na lulluɓe da zanen Inna. Ban kunna ba. Ban sani ba ko laimar ta riga ta yi mishi illa tun kafin ranar. Ke za ki danna.

Jinaidu

*

Gidan Dare, Sakkwato
Watan Yuli

Nabila,

Gaisuwa. Muna lafiya. Na tura waccan takarda wayar Malam Jibrin, ya ce ya nuna miki kafin ku sauko. Wannan wayarki na turo kai tsaye, tunda an ce kin shigo gari.

Inna Kulu ta ce kin kwana Wamakko, kin sa an ɗora kwamfutar a mota kin wuce jami'a Zariya da sassafe. Gidan Dare a kan hanya yake. Gwaggonki ta dafa miki dambu, sai maƙwabta ta ba. Na kira wayarki, tana ta ringi.

Ni ba wai damuwa na yi ba, kasuwa ta yi yawa, ko tseren ma na ɗan aje. Amma ki gaya mini ko ya tashi. In bai tashi ba ki faɗa mini kai tsaye, in san inda zan nufa, ko Legas ne zan je da ƙafata in nemo irinshi. Shirun ne ban iyawa. Murja ta ce na fara yi wa tuwo kallon abokin gaba.

Jinaidu

*

Zariya
Ƙarshen Yuli

Kai bawa, ɓarawon kati, mai warin tarwaɗa,

Ina lafiya. Ka ba Gwaggo haƙuri a kan dambu, laifin ɗanta ne ya shafe ta.

Ban tsaya ba don da na ga fuskarka a ranar, da abin da zan faɗa ba na tobasai ba ne. A Wamakko ban kunna ba, a nan ma sai da ta kwana biyu a ƙasa ina zagaye ta. Da na ga lokaci na tafiya na rufe ido na danna.

Ya tashi. Yana tashi kuma ɗakin ya gauraye da warin kifi da naman layya, har abokiyar kwanana ta leƙa ƙarƙashin gado neman abin da ya mutu. A haka na fitar da kasuwata rumfa-rumfa, ina toshe hanci. Shekaranjiya na tsaya gaban malamai. Na wuce, har ɗaya ya ce a bar hotunan a bango.

Yanzu ka amsa mini. Katina fankokinsa biyu baƙaƙe ne. Da na leƙa na ga ɗaya baƙa, ɗaya ja, an ɗaure ta da siririyar waya irin ta masu firiza. Na kira Murja. Ta ce da ka juya su da yatsa, ɗayar ta cije, sai ka kwance ta katinka guda ɗaya tilo ka dasa mini, naka yana aljihun tebur ba ya moruwa. Wato "ɗan abin da ya kamata" ke nan, kuma wato "kasuwa ta yi yawa". Maƙaryacin banza.

Ga zane na haɗo maka da wannan. Ɗan ɗaki ne na kwamfuta a jikin bangon sanyin naka, ta samu sanyin bango ba tare da ta shaƙi iskar ciki ba, da tagar fitar zafi a sama. Ka bi shi yadda yake, kada ka sa dabararka. Katin kuwa ko a mafarki ba za ka sake ganinsa ba.

Uwar ɗakinka duniya da lahira,
Nabila

*

Gidan Dare, Sakkwato
Farkon Agusta

Maginiya,

Alhamdu lillahi, barka da arziki. Kowa lafiya, Gwaggonki ta yi guɗa har maƙwabta sunka shigo. Ni layin farko kawai na karanta, da na ga "kai bawa" na ce wa Murja ta zubo tuwo, ta ƙara miya.

Murja ta cika surutu. Jar fankar ta fi taki ƙarfi, gata na yi miki, kuma ya kamata a rubuta sunana ƙarƙashin hotunan nan na bango. Warin kifi kuwa kyauta ne.

Zanenki na gani. Ba laifi. Tagar ta yi ƙanƙanta, amma zan bi shi yadda yake, har Audi ya fara kawo bulo. Akwai wani a Kano da ya ce zai samo mini kati na hannu mai fanka uku kafin ɗakin ya bushe. Na gaya wa Zulkifilu ya riƙe kofin gasar da kyau, ajiya ce na ba shi.

Abu ɗaya nike roƙo, ni da ba ni roƙo. Yayan nan da kika kira ni, ki naɗe shi ki aje wuri mai kyau, ki lulluɓe da zanen Inna. Kada ki fiddo shi sai irin waccan rana.

Ubangidanki,
Jinaidu Mai Ƙanƙara